Sharhi: Su Wa Aka Tambaya?

A zangon karatun da ya wuce, wani saƙo ya yi ta zagaya zaurukan WhatsApp na malaman wannan reshe. Da yawa daga cikinku za ku tuna shi, ko ku tuna irinsa, domin ba a yin wata biyu ba a turo wani ba. Sallama ce a sama, sai roƙo: wani ɗalibi yana bincike a kan gajiya da damuwar malaman firamare, don Allah a latsa a amsa tambayoyi, minti biyar ya isa, kuma a tura wa wasu. Ni dai a cikin A Daidaita Sahu na amsa nawa, a hanyar komawa gida, kuma gaskiya ɗaya ce, tun kafin in kai rabi na daina karantawa, na dinga dangwala akwatin tsakiya har na kai ƙarshe. Washegari a ofishin malamai na iske wani abokin aiki ya jera wayoyi huɗu a gabansa, tasa da ta mai ɗakinsa da na samarin gidansa biyu, yana cike takardar ɗaya bayan ɗaya. Da aka tambaye shi, cewa ya yi ɗalibin ɗan yayarsa ne, malamin da ke duba aikin ya gindaya adadin amsoshin da za a kawo, lokaci kuma ya ƙure. Aka yi dariya, aka ce Allah ya bar zumunci, aka kaɗa ƙararrawa kowa ya nufi ajinsa.

Abin ya daina ba ni dariya ne a wajen wani taron ƙara wa juna sani, inda mai gabatarwa ya haska alƙaluma a bango, ya ce bincike ya nuna yawancin malamai sun gamsu da yanayin aikinsu. Na ɗaga hannu na ce, "Malam, su wa aka tambaya?" Ya ce ai ta intanet aka yi, kuma dubban mutane ne suka amsa. Ya faɗi kalmar dubbai ɗin nan da ƙarfi, alamar magana ta ƙare. A ganinmu a nan ne ma ta fara, shi ya sa muka ba ta wannan shafi.

Duk wanda ya taɓa sayen buhun masara ko gero a kasuwa ya san abin da masu bincike suke kira wakilci, ko da bai taɓa jin sunan ba. Ba mai zazzage buhu ya ƙirga ƙwaya. Ƙarfen nan mai kwarmi ake sokawa, a sama, a tsakiya, a gindi, a zuba a tafin hannu a duba. Tafi guda ya isa a yanke wa buhu hukunci, muddin daga ko'ina aka ciro shi. Wanda kuwa ya kwance bakin buhu ya ɗebi kwano goma daga sama, abin da mai sayarwa ya so ya gani shi ya gani, ko ya ƙara wani kwano goman daga saman nan bai san abin da ke gindi ba.

Amurkawa sun koyi wannan darasi da tsada tun shekarar 1936. Wata shahararriyar mujalla mai suna Literary Digest ta aika takardun jin ra'ayi kimanin miliyan goma, tana tambayar wanda mutane za su zaɓa shugaban ƙasa, sama da miliyan biyu suka dawo mata. Ta buga cewa Alf Landon zai kayar da shugaba mai ci, Franklin Roosevelt. Da aka kaɗa ƙuri'a, Roosevelt ya lashe jihohi 46 cikin 48. Mujallar ta tsamo sunayen ne daga littattafan lambobin tarho da rajistar masu motoci da jerin masu sayen mujallar, a lokacin da talauci ya yi wa ƙasar katutu, talaka ba shi da tarho balle mota. Cikin waɗanda aka aika wa ɗin ma, masu jin haushin gwamnati sun fi zafin nama wajen mayar da amsa. A shekarar nan George Gallup, da mutane kimanin dubu hamsin da ya tsinto daga sassa daban-daban na al'umma, ya faɗi wanda zai ci daidai. Ba a yi shekara biyu cikakku ba mujallar ta durƙushe.

Wancan na siyasa ne, kuma siyasa tana da ranar hisabi, domin ana ƙirga ƙuri'a a ga wanda ya yi kuskure. Ilimin halayyar ɗan Adam, wanda duk muka karanta a kwalejin ilimi, ba shi da irin wannan rana. In an ce yaro kaza yake tunani, ko ma'aikaci kaza yake ji a ransa, ba akwatin da za a buɗe gobe a ƙaryata. Mu da muka haddace matakan girman tunanin yaro na Jean Piaget don cin jarrabawa, kaɗan ne a cikinmu aka gaya wa cewa abin da ya rubuta a kan jarirai ya ginu ne mafi yawa a kan lura da 'ya'yansa uku na cikinsa, a ƙasar Suwizalan. Wannan bai rage masa daraja ba, mutum ne mai kaifin lura. Sai dai ya kamata a ce an koya mana tambayar nan tun a lokacin.

A shekarar 2008 wani masani mai suna Jeffrey Arnett ya zauna ya ƙirga. Ya ɗauki manyan mujallu shida na wannan fanni, na shekarun 2003 zuwa 2007, ya duba daga ina mutanen da aka yi nazari a kansu suka fito. Kashi 68 cikin 100 Amurkawa ne. Kashi 96 cikin 100 daga ƙasashen Yamma masu arzikin masana'antu suke, alhali waɗannan ƙasashe ba su wuce kashi 12 cikin 100 na mutanen duniya ba. Cikin Amurkawan ma, kaso mai tsoka ɗaliban jami'a ne masu karanta fannin, waɗanda ake sa su shiga bincike a matsayin wani ɓangare na darasi. Bayan shekara biyu, masana uku na Jami'ar British Columbia da ke Kanada, Joseph Henrich da Steven Heine da Ara Norenzayan, suka fitar da wata maƙala da ta tayar da ƙura. Sun nuna cewa waɗannan mutane, 'yan Yamma masu boko da wadata, sau da yawa su ne bambaraƙwai idan aka jera su da sauran al'ummun duniya, hatta a abubuwa irin yadda mutum yake raba kuɗi da baƙo ko yadda yake kallon kansa a cikin dangi. Ke nan an daɗe ana rubuta "ɗan Adam" a littafi, alhali matashi ɗan jami'ar Amurka ake nufi.

Da intanet ya yaɗu, sai aka ɗauka an sami magani. Maimakon ɗalibai, ga duniya a buɗe, ga sauri, ga araha. A 2005 kamfanin Amazon ya buɗe wani dandali mai suna Mechanical Turk, inda mai ƙaramin aiki yake saka shi, mutanen da bai sani ba su yi masa a biya su 'yan kuɗi kaɗan. Sunan kansa abin lura ne. An aro shi daga wani mutum-mutumi sanye da kayan Turkawa da Wolfgang von Kempelen ya ƙera a 1770, wanda aka yi ta yawo da shi a Turai yana cin mutane a darar Turawa, har Napoleon ya kara da shi. Ashe gwani ne a ɓoye cikin akwatin yana motsa hannun. Masu binciken halayya suka yi wa dandalin ca, domin abin da a da yake cin zangon karatu guda, yanzu a yini ɗaya an tara amsa ɗaruruwa.

To, su wa ke cikin akwatin? Wani nazari na 2015 ya ƙiyasta cewa masu amsawar da kowane ɗakin bincike yake iya kaiwa gare su a dandalin ba su wuce kimanin mutum 7,300 ba. Mutane kusan iri ɗaya ne ake ta juyawa, wasunsu sun ga tambaya guda sau da yawa har sun san amsar da ake nema. Malami ya san wannan: ka maimaita wa aji jarrabawar bara, sakamako zai yi kyau, amma ba fahimta ka auna ba. Wani nazarin kuma na 2018 ya bi diddigin ayyukan ma'aikata sama da dubu biyu da ɗari shida, ya gano cewa matsakaicin abin da mutum yake samu kimanin dala biyu ne a awa, kuma kashi 4 cikin 100 ne kawai suke wuce dala 7.25, wato mafi ƙarancin ladan awa a dokar tarayyar Amurka. Kura da shan bugu, gardi da karɓe kuɗi. Wanda ake biya haka, hanyar da ta rage masa ita ce ya yi sauri, sauri kuwa ba ya barin mutum ya karanta tambaya. Mu 'yan ƙungiyar ƙwadago ba ma buƙatar a yi mana dogon bayani a kan dangantakar lada da ingancin aiki.

A tsakiyar 2018 sai masu bincike a Amurka suka fara ganin abin mamaki: amsoshi masu yawa suna fitowa daga wuri guda a taswira, kuma inda aka ce mutum ya bayyana ra'ayinsa da kalmominsa, sai a ga kalma ɗaya ko biyu na yabo da ba su da alaƙa da tambayar. Da farko an zaci manhajoji ne masu amsawa da kansu. Da aka bincika, aka tarar da yawa mutane ne daga wasu ƙasashe, musamman Indiya da Benezuwela, da suke bi ta wasu kwamfutocin haya don a ɗauka a Amurka suke, saboda aikin da aka keɓe wa mazauna Amurka ya fi tsoka. Ba ma ganin laifin mai neman abin sawa a baki. Amma wanda ya buga sakamakon ya ce ra'ayin Amurkawa ne, ya yi ƙarya bai sani ba. Manhajojin da aka ji tsoro kuwa sun iso daga baya: a 2023 masana a birnin Lozan na Suwizalan sun ba da aikin taƙaita rubutu a dandalin, suka ƙiyasta cewa tsakanin kashi 33 zuwa 46 cikin 100 na ma'aikatan sun yi amfani da ƙirƙirarriyar basira irin ta ChatGPT. A da mutum ne yake ɓuya cikin na'ura, yanzu na'ura ce take amsawa da sunan mutum.

Labarin da ya fi tsaya mini a rai shi ne na lokacin korona. A watan Yunin 2020 hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta fitar da sakamakon tambayoyin da aka yi wa manya 502 ta intanet, inda kashi 4 cikin 100 suka ce sun sha ko sun kuskure maƙogwaro da ruwan bilic na wanki da aka sirka, don gudun kamuwa da cutar. Kafafen labarai suka ɗauka, domin kashi 4 na manyan Amurka miliyoyin mutane ne. Sai wasu masana, a ƙarƙashin Leib Litman, suka sake yin tambayoyin, amma suka cusa 'yan tarkuna a ciki. Ɗaya daga ciki ita ce, ko mutum ya taɓa samun bugun zuciyar da ya yi ajalinsa. Aka sami masu cewa e. Kashi 80 zuwa 90 cikin 100 na masu cewa sun sha abin wanki daga irin waɗannan suka fito, wato masu dangwala ba karatu da masu tsokana. Sauran da aka bi su ɗaya-ɗaya aka ce su yi bayani, sai ya zamana kuskuren latsawa ne ko rashin fahimtar tambaya. Bayan tankaɗe da rairaya, ba a sami shaidar cewa wani ya sha don rigakafi ba.

A nan akwai lissafin da ya kamata kowane malami ya riƙe. Idan abin da ake aunawa ruwan dare ne, 'yan ɓata-gari kaɗan ba sa sauya sakamako sosai. Idan kuwa abu ne da ba kasafai yake faruwa ba, to mutum biyar cikin ɗari masu cewa e ga komai sun isa su haifar da annobar da babu ita. Cibiyar bincike ta Pew ta gwada wannan a 2022, ta tambayi masu shiga bincike don raɗin kansu ko suna da lasisin tuƙa jirgin yaƙin ƙarƙashin teku mai amfani da nukiliya. Kashi 12 cikin 100 na 'yan ƙasa da shekara talatin suka ce suna da shi. Ku auna irin wannan da tambayoyin da ake yi a kan shan ƙwaya tsakanin ɗalibai, ko tunanin kashe kai, ko dukan yara a makaranta, waɗanda a kansu ake yanke wa malami da iyaye hukunci.

Yawa kuma, kamar a 1936, bai ceci kowa ba. A 2021 ana tara amsa kimanin dubu 250 kowane mako ta Facebook a kan allurar rigakafin korona a Amurka. Da aka gwada da ainihin alƙaluman hukuma na watan Mayu, binciken ya zarce gaskiya da maki 17 cikin 100. Masanan da suka yi nazarin a mujallar Nature sun lissafa cewa wannan tulin amsa bai fi ingancin tambayar mutum goma da aka zaɓo ta hanyar ƙuri'a ba. Wani ƙaramin bincike mai mutum kimanin dubu ɗaya, da aka zaɓo su bisa ƙa'ida, shi ya fi kusa da daidai.

Kada wani ya karanta wannan ya ce ashe binciken duk shaci-faɗi ne. Duk waɗannan kurakurai masu bincike ne da kansu suka tono su, suka buga, suka fito da hanyoyin gyara: tarkon da ke kama wanda ba ya karantawa, auna lokacin da mutum ya ɗauka, hana amsa biyu daga hannu ɗaya, biyan lada mai kyau, da bayyana ƙarara su wa aka tambaya da yadda aka same su. Tarko dai yana kama marar kula ne kawai. Ba ya kawo wanda tun farko saƙon bai isa gare shi ba, wannan kuwa ita ce matsalar da ta fi shafarmu.

Mu dawo kan saƙon nan na zangon da ya wuce. Ya isa ga malamin cikin gari mai babbar waya da kuɗin data. Malamin da ke makarantar bayan rafi, wanda sai ya hau tudu yake samun sabis, bai gan shi ba. Malamar da ita da maigidanta waya ɗaya suke amfani da ita, in ma ta gani, da wuya ta rubuta gaskiyar damuwarta a wayar da wani zai buɗe da daddare. Dattijon da ya kusa ritaya, mai ƙaramar waya ta kira da amsawa, ba ya cikin zauren ma. Wanda kuma ya fi kowa gajiya, mai aji cike har bakin ƙofa, wanda daga makaranta sai gona ko acaba, shi ne ya fi rashin minti biyar ɗin. Binciken gajiya da ya tsallake magajiya, sakamakonsa zai fito da haske, a kai shi ofis, a ce malamai lafiya lau suke. Idan wakilanmu suka zauna teburin tattaunawa suna maganar cunkoson aji da jinkirin ƙarin girma, irin wannan takarda ce za a iya turo musu.

Ga kuma harshe. Yawancin tambayoyin da ake turo mana an tsara su ne da Turanci, don wasu mutane, a wata ƙasa, aka kwafo su yadda suke. Turawa suna da kalmomi daban-daban ga abin da mu mukan tattara mu ce damuwa, kuma Bahaushe da aka tambaya lafiyarsa, ko yana kwance zai ce da sauƙi, ko alhamdu lillahi. Wanda bai san wannan ɗabi'a ba zai rubuta cewa ya gamsu. Fassara takardar tambayoyi aiki ne na musamman: a juya ta zuwa Hausa, wani daban ya sake mayar da ita Turanci a ga ko ma'ana ta kauce, sannan a gwada ta a kan mutane kaɗan kafin a saki.

Da yawa cikin 'yan wannan reshe suna karatun digiri a lokacin hutu ko ƙarshen mako, kuma kowannensu zai rubuta kundin bincike. Gare ku muke magana, 'yan uwa. Amsa sittin ta gaskiya, da bayanin makarantun da kuka je da waɗanda kuka kasa zuwa, ta fi ɗari ukun da aka cike a kan tebur guda. Muna kuma roƙon malaman da ke duba waɗannan kundaye su riƙa tambayar yadda aka samo amsoshi kafin su tambayi yawansu, domin matsa wa ɗalibi a kan adadi shi ke tura kawunsa neman wayoyi huɗu. Wanda aka turo wa tambayoyi, in ba shi da lokacin karantawa, barinsu ya fi dangwalawa, kuma ni na fara da kaina. Yana da haƙƙin ya san wane ne mai binciken, ina amsarsa za ta je, da ko za a iya gane shi daga abin da ya rubuta, musamman in tambayar ta taɓa shugabansa a wurin aiki.

Shi ma reshen namu ba mu cire shi ba. Duk lokacin da za mu ji ra'ayin 'yan ƙungiya a kan abin da za a kai gaba, shawararmu ga kwamitin gudanarwa ita ce a fara da rajistar membobi, wadda ke ɗauke da sunan kowa da makarantarsa. Daga cikinta a zaɓo sunaye ta hanyar ƙuri'a, gari da ƙauye, maza da mata, gwargwadon yawan kowanne a rajista. Mai waya ya amsa ta waya in ya so. Sauran a buga musu takarda da Hausa da Turanci, wakilin shiyya ya kai musu a babur, su saka amsa a ambulan su liƙe ba suna, ya dawo da ita. Wanda ba a same shi ba a koma sau biyu, in ya faskara a rubuta a rahoto cewa mutum kaza ba a same su ba, daga makarantu kaza. Kuɗin man babur da na buga takarda sai a sa su cikin kasafin reshe tun farkon shekara.